Asabar Ɗin Da Ban Koma Ba

Likita ne ya fara jawo mini. Ya auna ni, ya sake aunawa, ya kwance abin daga damtsena ya ce, "Malam, jininka ya hau. Ka rage gishiri, ka rage zaman mota, ka riƙa takawa da ƙafa." Takawa da ƙafa a Abuja! Garin da in an gan ka bakin titi kana tafe da kaftani mai guga, sai wanda ya san ka ya taka birki ya tambaya ko lafiya, ko motar aka sace. Na gwada kwana uku a unguwarmu ta Wuse, mutum huɗu suka tsaya za su rage mini hanya, na haƙura.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Kuɗi sun fara yawo a gari, wayar hannu ta shigo, duk inda ka waiga gini ake yi. Ni kuma ina mataimakin darakta a wata ma'aikatar tarayya, aikina fayil da mitin da taron bita. A ofishin namu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji da aka ɗauko yana ba da shawara. Farfesa muke ce masa, ko da yake ban taɓa jin jami'ar da ta ba shi ba. Da na kai masa kukana sai ya buɗe durowa ya miƙo mini madubin hangen nesa da wani littafin tsuntsaye da ya sha hannu. Ya ce, "Wanda yake bin tsuntsu ba ya sanin ya yi tafiya." Na karɓa don kada in ba shi kunya. Kafin wata uku abin ya shiga jinina, har maiɗakina ta raɗa mini sarkin tsuntsaye, tana cewa maza na can suna neman fili da kwangila, nata mijin yana daji yana gaisawa da kurciya.

Mun kai mu takwas masu wannan larura, Farfesa ne babbanmu, kuma yana da doka ɗaya da ba ya ɗagawa. In ka ce ka ga tsuntsun da ba a saba gani ba, sai ka kawo hoto ko shaida na biyu wanda ya san abin. In babu, to kai da Allahnka, amma ba za a rubuta a babban littafi ba. Shekara uku ina yi, sunana bai shiga littafin nan ko sau ɗaya ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Wurin da na fi zuwa wata fadama ce bayan Paikon Kore, in ka bar kwalta ka bi hanyar ƙasa kamar minti ashirin. Ranar farko ina tsaye da madubi a ido, sai na ji sallama a bayana. Dogon Bafulatani ne mai farin gemu, sanda a wuya, malafa a ka. Muka gaisa, sai ya ce, "Yaushe za mu tashi?" Ban gane ba sai da ya maimaita. Ashe a wancan zamani duk wanda ya fito daga mota ya tsaya a daji yana hange, fili yake aunawa, kuma sau biyu ana tayar da shi a haka. Na ce masa ni tsuntsu nake kallo.

"Ci kake yi?"

"A'a."

"Sayarwa?"

"A'a, Baffa, kallo kawai."

Ya dubi takalmina, ya dubi motata, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

Daga nan muka ƙulla. Baffa nake ce masa, matarsa kuma Inna. Su biyu ne kawai a rugar, 'ya'yansu mata ne kuma duk sun yi aure. Shanunsa ashirin da shida. Da rani suke sauka a fadamar tare da wasu rugage huɗu na danginsa, da bazara su tashi ayari guda su yi arewa. Duk Asabar sai Inna ta ajiye mini kindirmo a ƙwarya ta rufe da faifai, ni kuma in kai musu sukari da ganyen shayi. Akwai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita, na same ta ba ta ko iya ɗaga kai, na sa ta a mota muka kai ta asibiti a Gwagwalada. Baffa bai taɓa tayar da zancen ba bayan godiyar ranar. Amma tun daga lokacin bai ƙara ce mini a'a a kan komai ba. Na lura da haka, kuma Allah ya yafe mini, daɗi abin ya yi mini.

Wallahi mutumin nan ya fi littafin Farfesa sanin tsuntsu. Bai san sunansu na Turanci ba, bai kuma damu ba, amma ya san wanda ke zuwa da wanda ke tafiya da ranar da kowanne ke yi. Akwai wasu 'yan ƙanana masu ruwan ɗorawa a ciki, dogayen jela, kullum suna tsakanin ƙafafun shanu suna kaɗa jelar suna cafke ƙwarin da kofato ya tayar. 'Yan ci-rani ne, daga ƙasashen Turai suke zuwa in sanyin can ya yi tsanani, su koma da bazara. Baffa 'yan rakiya yake ce musu, kuma su ne kalandarsa. In ya ga sun yi ƙiba, launinsu ya yi tas, sun kasa zama wuri ɗaya, sannan ya ɗaga kai ya ga shamuwa tana kewaya sama, to ya san lokacin tashi ya yi.

Ya kuma gaya mini dalili, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da zarar ruwan fari ya sauka, manoman Gbagyi za su fita shuka, burtalin da shanu ke bi ya toshe da gonaki. Fadamar kuma ta yi duhuwa, ƙudan tsando ya tashi daga bakin rafi. In ya ciji saniya, sammore ya shiga jikinta, ta yi ta ramewa tana ci har ta kwanta. "Malam," in ji shi, "jinkirin mako guda a nan yana iya cin saniya." Ina rubuta wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri. Na sani sarai.

A bazara ta uku abin ya faru. Wata Asabar ce da hantsi, zafi kamar a bakin murhu, hadari yana ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Watan da masu kallon tsuntsu ke jira ke nan duk shekara, don lokacin ne 'yan ci-rani ke wucewa, kuma cikin masu wucewar nan ake tsintar wanda ya ɓata hanya. Na tarar rugagen duk sun fara ɗaure kaya. Baffa ya ce ran Talata za su tashi. Sannan ya ce, "Zo ka ga wani baƙo. Kwana biyu ke nan yana bin waccan."

Wadda ya nuna farar saniya ce mai baƙaƙen kunnuwa, ƙahonta na hagu ya karye a tsini, ga ciki ya tsufa. Na san ta, don ita ce abin alfaharinsa. Jikar jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa ce, kuma ita kaɗai ta rage daga wannan tsatso. Tana kiwo a hankali saboda nauyin ciki, shi ya sa tsuntsayen ke son ta.

Na ɗora madubi. Kai! Cikin 'yan rakiyar nan ga ɗaya da kansa gaba ɗaya ruwan ɗorawa ne har fuska, bayansa toka-toka, da baƙin zane a ƙeya, da fararen layuka biyu a fiffike. Na yi maza na buɗe littafi. Yana can ƙarshen shafi, cikin waɗanda aka ce hanyarsu ta gabas ce can nesa, ɓatan kai ne kawai ke kawo su wajenmu. Na duba tsuntsu, na duba littafi, na sake duba tsuntsu. Shi ne, babu tantama.

Na zaro 'yar kyamarata na yi ta ɗauka. Hoto goma sha wani abu, da na duba duk ƙafar saniya ce da ciyawa. In na matsa ya tashi, in na tsaya ya yi nisa. Na yi gumi sharkaf, na tsine wa kyamarar da wanda ya sayar mini da ita. Sauran hanya ɗaya, in kawo Farfesa ya gani da idonsa. Shi kuwa yana Jos wajen iyalinsa, kuma a fadamar ko sandar sabis ɗaya babu a waya.

Na san abin da ya riƙe tsuntsun a wurin. Shanu ne. Ranar da suka tashi, shi ma ya tashi.

Muka zauna gindin ɗorawa, Inna ta kawo ƙwarya. Na sha, na goge baki, na ce, "Baffa, alfarma nake nema. Ka ƙara mini kwana biyar a kan Talata. Asabar mai zuwa zan zo da babbanmu ya ga tsuntsun nan, ran Lahadi ka tashi."

Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya daɗe yana duba. Inna da ke ɗaure tukwane a gefe ta daina abin da take yi. Sannan ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Ni Bahaushe ne, an haife ni cikin Fulani, na yi makaranta da su. Na san abin da "to, Allah ya kai mu" ke nufi a bakin dattijon da ya dubi gabas kafin ya faɗa. A'a ce, wadda kunya ta sa wa riga. Mutumin kirki da ya ji haka sai ya ce a bar zancen, Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa sai na matsa. Na ce, "A'a Baffa, ka yi mini alkawari. Ba za ka tashi ba sai na zo."

Ya dube ni. Ya ce, "Na yi. Ba zan tashi ba sai ka zo."

Na koma gida ina waƙa a mota.

Ran Litinin na sami Farfesa a waya. Ya yi ta yi mini tambayoyi kamar alƙali, launin ƙeya, launin ƙafa, yadda yake kuka. Daga ƙarshe ya ce in dai haka ne, to zai shigo ran Juma'a mu je Asabar. Ran Laraba da safe darakta ya kira ni ya ce sunana ya fito cikin masu zuwa taron bita a Kalaba, mako guda, tashi ran Juma'a. A wancan lokaci ba a ƙin irin wannan tafiya, mutane har kamun ƙafa suke yi a sa su. Na ce, "Na gode, oga." Da rana kuma Farfesa ya bugo ya ce gwiwarsa ta kumbura, likita ya hana shi doguwar tafiya, sai dai wani jiƙon. Na ji haushi, amma a ƙasan raina na ji sauƙi, don yanzu ba ni na fasa ba.

Na gaya wa maiɗakina da muna cin abinci. Ta ajiye cokali ta ce, "To mutumin naka fa?"

"Wane?"

"Bafulatanin da ka ce ya jira ka."

Na ce, "Haba, ke ma dai. Mutumin da ya shekara sittin yana kiwo, ni zan gaya masa lokacin tashi? In ya ga Asabar ta wuce ban zo ba, ai zai kama hanya."

Ta ce, "Sarkin tsuntsaye, tafiyar awa ɗaya ce fa. Ka je gobe in ka tashi aiki ka sallame shi."

Na ce to, zan duba. Na kuma ɗaga mata murya kaɗan, na ce ta bar ni da abin da ya dame ni. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da cin abinci.

Ran Alhamis na tashi aiki ƙarfe huɗu, mota cike da mai, rana da sauranta. Ina na je? Kasuwar Wuse, wajen tela. Ya yi mini alkawarin kaftani biyu da zan tafi da su Kalaba, na tarar ko wuya bai haɗa ba. Na zauna kan benci na tsare shi har magariba, ina zazzaga masa masifa a kan rashin cika alkawari. Wallahi haka aka yi. Na ce masa mutanen yanzu maganarsu ba ta da nauyi, maƙwabtansa suna ba ni haƙuri.

A Abuja ta lokacin, "zan zo Asabar" ba magana ba ce, gaisuwa ce. Mukan faɗa wa juna sau goma a rana a bakin lif da wajen ajiye motoci, ba mai riƙewa, ba mai tambaya. Na saba da haka har na manta akwai inda ake ɗaukar magana yadda aka faɗe ta.

Mako guda na Kalaba ya zama biyu, don an haɗa mana da wani taron. Muna otal, ga sanyin na'ura, ga shayi da nama tsakanin kowace lacca. Sau ɗaya na tuna da Baffa, ranar da maiɗakina ta ce mini a waya an yi ruwa mai ƙarfi a Abuja har ya shigo ta taga. Na ce a raina, ai yanzu sun yi nisa, na koma ɗakin taro.

Sai Asabar ta uku na koma fadamar, kwana ashirin da ɗaya cif. Kuma kada in yi wa kaina ado, ba don shi na je ba. Na je ne in ga abin da ruwa ya kawo. Tun daga hanya na ga duniya ta canja. Ƙasa ta yi baƙi, ko'ina kore, burtalin da na saba bi an nome shi, masara ta fito ta kai tsawon yatsa. Dole na ajiye mota nesa na taka. Rugage huɗun nan babu kowa, sai da'irar toka da kashin shanu inda bukkoki suke a da.

Sai na hangi hayaƙi gindin ɗorawa.

Na tsaya, na ɗora madubi, kamar madubin zai gaya mini wani abu dabam. Bukka ɗaya ce tsaye. Shanu a tattare kan tudu, nesa da rafi, an hura musu ɗanyen ganye hayaƙi na bin su, suna ta kaɗa jela suna buga ƙafa. Baffa na tsaye cikinsu da reshe a hannu yana kore musu ƙuda. Na yi tunanin juyawa, ba zan ɓoye ba. Amma ya riga ya gan ni, ya ɗaga sanda.

Ya tarbe ni kamar jiya muka rabu. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar hanya. Ni na kasa haɗa ido da shi. Kayan Inna na gani jere a gefe, a ɗaure tamau kamar yadda na bar su. Daga baya ta gaya mini kullum sai ta kwance tukunya ɗaya ta yi girki, ta wanke, ta mayar ta ɗaure, don ba ta san ranar da zan ɓullo ba.

Ya ce, "Ina babban naku?"

Na ce, "Ba shi da lafiya, Baffa. Ni ma tafiya ta kama ni."

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar igiya, irin wadda ake ɗaure maraƙi da ita, ya miƙo mini. An ƙulla ta wuri-wuri. Ya ce tunda shi ba ya rubutu, kuma ya ga ni komai sai na rubuta, duk ranar da ya ga baƙon nawa sai ya yi ƙulli ɗaya, don in na zo in sa a littafina. Na ƙirga da yatsa. Tara ne. Ya ce ran Litinin ta biyu da la'asar 'yan rakiyar suka taru gaba ɗaya kan waccan ƙaya, suka yi ta kuka, suka tashi suka yi arewa, har da mai rawayan kan. Ke nan da na zo Asabar ɗin da na faɗa, da na same shi.

Na yi lissafin sauran a kaina. Kwana goma sha biyu ya yi a wurin nan babu tsuntsu, babu dangi, ga ruwa, ga ƙuda. Sai haushi ya taso mini, irin haushin mai laifi, har na ɗaga murya. Na ce, "Haba Baffa! Haba don Allah! Tsuntsun ya tafi, me ka zauna yi? Me ya hana ka tashi?"

Ya ce, "Ai ba tsuntsun na yi wa alkawari ba."

Bai faɗa da zafi ba. Ya faɗa ne yadda mutum zai gaya maka yau Asabar. Na nemi wuri na zauna a kan saiwar ɗorawa.

Inna ce ba ta iya yin shiru ba. Ba ta dube ni ba, da mijinta take magana da Hausa don in ji. Ta ce ƙaninsa ya dawo da baya har sau biyu yana roƙonsa, ya ƙi. Ta ce masu gona sun zo sun tsaya a kansu. Ta ce mai karyayyen ƙaho ta haihu cikin ruwan sama, ga ta can ƙuda ya gama da wuyanta. Baffa ya ce mata wata kalma ɗaya da Fulatanci, ta juya ta ci gaba da naɗe tabarma.

Na shiga surutun da mutanen birni ke yi in sun yi ɓarna. Zan ɗauko babbar mota a kwashe shanun. Zan kawo likitan dabbobi gobe da sassafe. Zan yi magana da masu gonakin. Ya saurare ni har na gama. Ya ce saniya mai jego da ɗanyen maraƙi ba sa shiga mota, kuma gobe ta yi nisa. Ya ce, "Tunda ka zo, Malam, ka sallame ni."

Sai da na faɗa da bakina. Na ce, "Na sallame ka, Baffa. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ba komai. Allah ya yafe mana duka."

Kafin azahar sun rushe bukka sun ɗora wa bijimi kaya. Tunda burtali ya toshe, sai bakin kwalta za su bi, su biyu da shanu ashirin da shida da jaririn maraƙi, manyan motoci na wucewa. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana. Madubin yana wuyana, ban ɗaga shi ba.

Da na koma gida maiɗakina ta ga igiyar a hannuna ta tambaya. Na gaya mata duka. Na so ta yi mini faɗa, ta ce ai ta faɗa mini, da na sami wanda zan yi wa tsawa. Sai kawai ta tashi ta zuba mini abinci. Farfesa ya dawo bayan wata guda yana ɗingishi, ya ce in kawo bayanin tsuntsun a rubuce, ko ba a sa a babban littafi ba a ajiye. Na ce masa ina jin kuskure na yi, na gama-gari ne. Ya yi mini kallon wanda bai yarda ba, ya bar zancen.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Da rani ya kama na yi ta ɗaga zuwa fadamar, wannan Asabar biki, waccan mitin. Maiɗakina ce ta sayo sukari da ganyen shayi ta ajiye a kujerar mota. Na tafi.

Sun dawo, rugage biyar kamar kullum. Baffa ya ƙara ramewa, ko kuwa idona ne. Muka gaisa, muka zauna gindin ɗorawar nan, shanu na kiwo a gabanmu, 'yan rakiya sun iso suna ta kaɗa jela a ƙafafunsu. Na ce wa kaina ba zan ƙirga ba. Amma shekara huɗu ina koya wa idona ƙirga abin da ke motsi, bai nemi izinina ba. Goma sha tara. Na sake bi ɗaya ɗaya ina neman fara mai baƙaƙen kunnuwa da karyayyen ƙaho, na kuma nemi maraƙin da zai kai wata takwas. Ban ga ko ɗaya ba.

Na buɗe baki zan tambaya, ya riga ni. Ya ce damina ta yi nauyi bana, sammore ya taɓa su, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Inna ta fito da ƙwarya ta ajiye a gabansa, ba a gabana ba, ta amsa gaisuwata a taƙaice ta koma bukka.

Ya ɗauke faifan, ya kore ƙuda da hannu. Ya ce, "Tun da muka sauka nake duba maka baƙon nan. Kullum sai na duba. Bai zo ba."

Na ce, "Baffa, ka daina dubawa."

Ya ce, "Ko ya zo ma, wadda yake bi ba ta nan."

Ya miƙo mini ƙwaryar da hannu biyu. Na so in ce na ƙoshi. Amma na san nonon sauran shanu goma sha taran ne, kuma na san in na bar shi na ƙara wani laifin a kan na farko. Na karɓa na shanye duka, yana zaune yana kallon shanunsa.